In Ɓera da Sata, Daddawa ma da Wari: Kwamitin Manyan da Ya Yi Barci a United Way

A watan Fabrairun 1992, jaridar Washington Post ta fara buga rahotanni kan yadda William Aramony, shugaban ƙungiyar United Way of America, yake tafiyar da rayuwarsa da kuɗin ƙungiya. Albashinsa da sauran alawus sun kai dala 463,000 a shekara. Yana hawa Concorde, jirgin nan mai tsananin gudu da tsadar kujera, in zai tsallaka zuwa Turai. Direbobi na jiran sa da manyan motoci duk inda ya sauka. Wannan kuwa shi ne jagoran tsarin tara taimako mafi girma a Amurka, wanda ƙananan ma'aikata ke yarda a riƙa yankar wani abu daga albashinsu domin a taimaki mabuƙata. Tambayar da ta biyo baya ta wuce kan Aramony shi kaɗai: ina kwamitin amintattun ƙungiyar yake duk tsawon wannan lokaci?

Asalin tsarin ya koma 1887 a birnin Denver, inda wasu shugabannin addini tare da wata mata mai aikin jinƙai suka ga cewa maimakon kowace ƙungiya ta bi gida-gida tana roƙo, gara a yi gangami ɗaya a shekara, a raba abin da aka samu. Dabarar ta bazu zuwa wasu birane da sunaye iri-iri, mafi shahara a cikinsu Community Chest. Kowane gari da nasa asusu da nasa kwamiti. A 1970 uwar ƙungiyar ta ƙasa ta ɗauki sunan United Way of America, a shekarar ce kuma Aramony ya hau kujerar shugabancinta.

Ba za a hana shi yabonsa ba. Ya haɗa rassan da ke warwatse a ƙarƙashin suna ɗaya da tambari ɗaya. A 1973 ya ƙulla yarjejeniya da NFL, hukumar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ta sa tallan ƙungiyar ya riƙa shiga gidajen miliyoyin mutane ta talabijin. Kuɗin da rassan ke tarawa ya tashi daga ƙasa da dala biliyan 1 a shekara zuwa sama da biliyan 3. Rassa fiye da 2,000 ne a lokacin, kowanne mai cin gashin kansa, amma da yawansu suna biyan hedkwatar da ke Alexandria ta jihar Virginia kimanin kashi 1 cikin 100 na abin da suka tara, a matsayin kuɗin zama memba.

Babbar nasararsa, wadda daga baya ta zama tushen matsalar, ita ce irin mutanen da ya jawo cikin kwamitin amintattu. Kwamitin mai mutum 37 ya ƙunshi shugabannin kamfanonin da suka fi kowa ƙarfi a ƙasar: John Akers na IBM, Edward Brennan na Sears, Robert Allen na AT&T, James Robinson na American Express. Amfaninsu a fili yake. Shugaban kamfani in ya amince, ƙofar ma'aikatansa dubbai ta buɗe wa gangamin shekara. Sai dai aikin amintacce kashi biyu ne: ya buɗe wa ƙungiya ƙofa, ya kuma riƙe mata linzami. Kwamitin ya yi na farkon sosai, ya bar na biyun.

Dalilan ba boyayyu ba ne. Na farko, mutane ne masu hidima da yawa, kujerar United Way ɗaya ce cikin kujerun da suke riƙe da su, kuma ba ita ke hana su barci ba. Na biyu, abin da suka sani game da ƙungiyar yana zuwa musu ne ta hannun mutumin da aka ɗora musu alhakin sa wa ido. Na uku kuma, ma'auninsu ya bambanta da na masu bayarwa. Ga wanda ya saba da jirgin kamfani da albashin miliyoyi, dala 463,000 ba abin ɗaga gira ba ce. Ga sakatariya ko direban da ake cire wa 'yan daloli kowane wata, kuɗi ne da ba zai taɓa gani a dunƙule ba. A nan ne kwamitin ya rabu da manufar ƙungiyar ba tare da ya ankara ba: yana auna ta da yawan abin da ke shigowa, alhali jarinta na gaskiya shi ne amanar mai bayarwa.

Akwai kuma wani lungu da idon kwamitin bai kai ba. A zamanin Aramony an kafa wasu kamfanoni da ƙungiyoyi na gefe, masu alaƙa da uwar ƙungiyar amma da littattafan kuɗinsu daban. Ta hannun ɗaya daga cikinsu, Partnership Umbrella, aka sayi gida a New York da wani a Florida, waɗanda shugaban ya riƙa amfani da su. Ba a rasa gargaɗi ba. Tun 1990 wasiƙa marar sa hannu ta isa ga shugabancin kwamitin tana zargin ɓarna, amma Aramony ya ci gaba da zama a kujerarsa. Sai da 'yan jarida suka fara yin tambayoyi aka ɗauko masu bincike daga waje. Ko bayan labarin ya fito, abin da manyan kwamitin suka fara yi shi ne jaddada goyon bayansu gare shi.

Waɗanda suka tilasta canji su ne rassa. Su ke fuskantar ma'aikatan da ke tambaya ina kuɗinsu ya tafi, don haka da yawansu suka dakatar da biyan kuɗin memba. A ƙarshen watan Fabrairu Aramony ya sanar da ajiye aiki, bayan shekara 22. Aka naɗa Kenneth Dam, wani babban jami'in IBM, ya riƙe ƙwarya. Hedkwatar ta shiga matsin kuɗi har ta rage ma'aikata, abin da rassan suka tara a gangamin 1992 ma ya ragu. Asarar ta sauka kan gidajen kwanan marasa galihu da cibiyoyin kula da yara da tsofaffi, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

A 1995 kotun tarayya ta sami Aramony da laifuffuka 25, ciki har da zamba da haɗa baki, aka yanke masa ɗaurin shekara 7. An kuma hukunta wasu mutum biyu na kusa da shi. Ba a ɗaure ko ɗaya daga cikin amintattun ba, domin ba su ɗauki ko sisi ba. Laifinsu irin wanda ba a cika kai wa kotu ba ne: sun karɓi amana, suka miƙa ta ga wanda ya kamata su tsare ta daga gare shi.

Gyaran da aka yi ya nuna inda ciwon yake. Elaine Chao, wadda ta bar shugabancin Peace Corps ta karɓi ragamar ƙungiyar a 1992, ta fara aiki da kimanin rabin albashin wanda ta gada. An faɗaɗa kwamitin, aka ware wa wakilan rassa kujeru, domin mutanen da ke zaune kusa da masu bayarwa su sami bakin magana a inda ake yanke shawara. An tsaurara ƙa'idojin tafiye-tafiye da kashe kuɗi, aka rubuta ƙa'idar ɗa'a, aka ba ƙananan kwamitoci aikin bin kasafi da idonsu. Maganin bai kasance ƙara manyan sunaye ba. An nemo mutanen da abin zai shafa in ya lalace, aka ba kowa takamaiman aiki, aka kuma buɗe musu hanyar samun bayani wadda ba ta bi ta ofishin shugaba kaɗai.

Doka ma ta biyo sawu. Wannan badaƙala tana cikin abubuwan da suka ɗaga muhawara kan albashin shugabannin ƙungiyoyin jinƙai, kuma a 1996 majalisar dokokin Amurka ta ba hukumar haraji ikon cin tarar jami'in da ya karɓi fiye da kima, tare da amintaccen da ya amince da hakan yana sane. Daga shekarar harajin 2008, takardar rahoton shekara da irin waɗannan ƙungiyoyi ke cikewa ta fara tambayar amintattu nawa ne masu zaman kansu, ko akwai ƙa'idar hana cusa son rai, ko kuma an ba kwamitin kwafin rahoton kafin a miƙa shi.

Aramony ya rasu a 2011. United Way ta rayu, tana nan har yau. Abin da labarin ya bari shi ne cewa kwamiti yakan yi barci ne a lokacin da komai ke tafiya daidai, lokacin da kuɗi ke ƙaruwa kuma tambaya ke kama da rashin godiya. Amintaccen da ya karanta takardun kafin taro, ya ziyarci reshe ba tare da rakiyar shugaba ba, ya kuma iya tambayar wa ya biya kuɗin wannan tafiya, ya fi wa ƙungiya amfani a kan babban sunan da ke saman takardar wasiƙa kawai.