Kwamfutar da ta riƙa ɗaukewa a duniyar Mars

Ranar Juma'a, 4 ga Yuli, 1997, Amurkawa na tsakiyar bikin ranar 'yancin ƙasarsu, kumbon Pathfinder ya faɗa duniyar Mars a naɗe cikin manyan jakunkunan iska. Ya yi ta dira yana tashi, sau goma sha biyar ko fiye, kafin ya natsu a wani kwari da ake kira Ares Vallis. Rabon da wani kumbo ya sauka lafiya a wannan duniya tun 1976, zamanin kumbunan Viking. Bayan kwana biyu 'yar motar da ya yi dakonta, Sojourner, wadda nauyinta bai kai kilo goma sha ɗaya ba, ta gangaro ta soma yawo tsakanin duwatsu. A cibiyar JPL ta hukumar NASA da ke Pasadena, jihar Kalifoniya, baki har kunne.

Murnar ba ta daɗe ba aka ga abin da ya tayar da hankali. Ana cikin aiki sai kwamfutar kumbon ta ɗauke, ta sake tashi da kanta. Bayanan da ta riga ta tara ba su salwanta ba, amma duk umarnin da aka tura mata na wannan yini ya sha ruwa, sai a jira gobe. Ta yi haka sau ɗaya, ta kuma, ta sake kumawa. Ga shi an tsara kumbon ne a kan zai yi aikin wata guda, motar kuma mako ɗaya, don haka kowane yini da ya tafi a banza asara ce babba. Saƙo daga nan zuwa can yana cin fiye da minti goma, ba kuwa wanda zai je ya buɗe murfi ya leƙa.

Da aka gano ciwon daga baya, sai ya zamana babu wayar da ta tsinke, babu kuma lissafin da kwamfutar ta yi ba daidai ba. Makara ta yi. Akwai jinsin kwamfutoci da amsarsu ba ta da amfani in ba ta zo cikin wa'adi ba: wadda ke buɗe jakar iska idan mota ta yi karo, wadda ke riƙe birki kada taya ta ƙame, wadda ke motsa fukafukan jirgin sama. Amsa daidai da ta iso a makare, a wajensu, ita da kuskure duk ɗaya ne. Tambayar da ta daɗe tana cin injiniyoyi ita ce, ta yaya mutum zai tabbatar, tun kafin a kunna na'ura, cewa ba za ta taɓa saɓa wa'adi ba, ko a rana mafi muni?

NASA ta taɓa ɗanɗana wannan tun 20 ga Yuli, 1969. Neil Armstrong da Buzz Aldrin na gangarowa duniyar wata sai kwamfutarsu ta nuna lamba 1202, daga baya kuma 1201, gargaɗi biyar cikin 'yan mintoci. Wata na'urar rada da ba a buƙatarta wajen sauka ce take ta aiko da saƙonni marasa kan gado, tana cinye wajen kashi 13 cikin ɗari na lokacin kwamfutar, har ayyuka suka yi mata yawa. Abin da ya ceci tafiyar shi ne tsarin da Hal Laning na jami'ar MIT ya ƙirƙiro, wanda ayarin masu rubuta manhaja, ciki har da Margaret Hamilton, suka gina a kansa. Kowane aiki yana da matsayinsa, kuma idan wuri ya ƙure kwamfutar takan watsar da ƙananan ta riƙe tuƙi da lissafin sauka. A cibiyar kula da tafiyar da ke Houston wani matashi mai shekara 24, Jack Garman, yana da takardar da ya rubuta ma'anar lambobin gargaɗi da hannunsa. Ya duba, ya ce wa abokin aikinsa Steve Bales a ci gaba, aka ci gaba.

An sauka lafiya, amma da ƙwarewa da dabara da ɗan rabo aka yi, babu wata hujja ta lissafi da za a ɗora a tebur. Hujjar ta zo ne a Janairun 1973, a wata maƙala da C. L. Liu na MIT da James Layland suka buga a mujallar ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM. Shi Layland ɗin ma'aikacin JPL ne, gidan da zai harba Pathfinder bayan shekara ashirin da uku.

Sun ɗauki kwamfuta mai ƙwaƙwalwa ɗaya da ke da ayyuka masu dawowa a kai a kai, kowanne dole ya ƙare kafin zagayensa na gaba ya iso. Suka nuna cewa idan za a raba matsayi sau ɗaya a bar shi haka, babu rabon da ya fi a ba aikin da ya fi saurin dawowa fifiko, ko da a ido ba shi ne mafi muhimmanci ba. Sannan suka fitar da iyaka. Idan ayyuka biyu ne, muddin jimillar lokacin da suke ci bai wuce kashi 83 cikin ɗari ba, babu wanda zai makara. Idan uku ne, kashi 78. Haka iyakar ke raguwa, amma ko ayyukan sun kai dubu ba ta sauka ƙasa da kashi 69. A ce aiki ɗaya yana dawowa duk bayan daƙiƙa 4 yana cin 1, na biyu duk bayan 10 yana cin 3, na uku duk bayan 20 yana cin 4. Kashi 25 da 30 da 20 ke nan, jimilla 75, ƙasa da 78. Shi ke nan, an gama shari'a, ba sai an kunna na'urar an zuba mata ido shekara guda ba. A 1986 wasu masana biyu 'yan Indiya, Mathai Joseph da Paritosh Pandya, suka ƙara da hanyar ƙididdige ainihin jira mafi tsawo da kowane aiki zai iya yi, wadda masu bincike a jami'ar York ta Ingila suka faɗaɗa daga baya.

Sai dai lissafin Liu da Layland yana da sharuɗɗa, kuma sun rubuta su ɓaro-ɓaro tun a farkon maƙalar. Ɗaya daga ciki shi ne ayyukan ba sa jiran juna. A na'ura ta gaske kuwa ayyuka sukan yi tarayya a kan wurin ajiyar bayanai, kuma don kada biyu su sa hannu lokaci guda su dagula shi, akan sa makulli: wanda ya shiga ya kulle, ya fito ya buɗe.

Ga inda gizo ke saƙa. A ce sarki ya aika a ɗebo masa hatsi, mabuɗin rumbu kuwa yana aljihun wani bara da ya shiga shara bai gama ba. Dole ɗan aiken sarki ya tsaya, wannan ba komai, minti biyu ne. Amma sai ga hakimi ya ƙwala wa baran kira ya aike shi kasuwa, yana dawowa dagaci ya tura shi ɗaure doki, bayansa mai unguwa. Duk sun fi bara, ba ya iya musa musu. Babu ko ɗayansu da ya yi nufin tsare sarki, ba su ma san yana jira ba, amma ga sarki zaune, kowa na gabansa. Masana kwamfuta na kiran wannan juyewar fifiko. Butler Lampson da David Redell sun bayyana shi tun 1980 a kamfanin Xerox, kuma a Satumban 1990 Lui Sha da Ragunathan Rajkumar da John Lehoczky na jami'ar Carnegie Mellon suka buga maganinsa tare da hujja. Maganin shi ne, da zarar babba ya tsaya jiran mabuɗi, sai a ara wa mai riƙe da shi matsayin babban, kada kowa ya iya janye shi har sai ya gama ya miƙa. Da haka jiran yakan samu iyaka, abin da ke da iyaka kuwa yana shiga lissafi.

Kwamfutar Pathfinder ƙirar IBM ce, RAD6000, tana tafiya a kan manhajar VxWorks ta kamfanin Wind River. Na'urorin kumbon suna magana da ita ta wani layi da ake kira 1553, kuma ana juya harkar layin sau takwas a kowace daƙiƙa. Ayyuka biyu ne ke riƙe da shi. Ɗaya yana tsara abin da za a aika a zagaye na gaba, ɗayan yana kwasar bayanan da suka shigo yana rarraba wa masu su. Duk lokacin da mai tsarawa ya tashi, yakan fara duba ko mai rarrabawa ya gama nasa. In bai gama ba, an koya masa ya ɗauka wani mummunan abu ya faru, ya sake tayar da kwamfutar gaba ɗaya. Can ƙasa kuma akwai ƙaramin aiki mai kula da na'urar auna yanayi, iska da zafi da matsin sararin Mars. Shi da mai rarrabawa suna bi ta makulli ɗaya, wanda ke ɓoye a cikin VxWorks. Sai ƙaramin aikin ya kama makullin, kafin ya saki ayyuka masu matsakaicin matsayi su ture shi gefe, mai rarrabawa ya zo ya tarar a kulle, wa'adi ya cika, mai tsarawa ya yi abin da aka ce ya yi.

Ayarin Glenn Reeves, shugaban masu rubuta manhajar kumbon, suna da tagwayen na'urar a ɗakin gwaji. Sun kuma bar wata dabara a cikin manhajar da ke rubuta duk abin da ya gudana, wane aiki ya tashi, wane ya tsaya, a wane lokaci. Ba su cire ta ba ko a kwafin da ya tafi Mars, domin aƙidarsu ita ce abin da aka gwada shi za a harba, ba a taɓa komai. Suka kunna ta, suka ɗora wa tagwayen irin nauyin da ke kan na can, suka zauna. Ba a cika awa goma sha takwas ba ta ɗauke a gabansu, rubutun kuma ya nuna mai laifi.

Abin takaici, maganin yana cikin VxWorks tun asali. Aron matsayi zaɓi ne da ake kunnawa ko a kashe, kuma a kan wannan makulli a kashe ya zo daga kamfani, saboda yana ɗan rage gudu. Aka yi nazarin abin da kunna shi zai taɓa, aka gwada a ƙasa, aka tura gyaran ta rediyo. Kwamfutar ba ta ƙara ɗaukewa ta wannan hanya ba, kumbon kuma ya yi aiki har 27 ga Satumba, kusan ninki uku na abin da aka tsara masa, ya aiko da hotuna sama da 16,000.

Masu ba da labarin sukan yi saurin ɗora wa injiniyoyin laifin sakaci, musamman da yake Reeves da kansa ya faɗa cewa sun ga alamar matsalar kafin sauka, suka nemi ta maimaitu ta ƙi, ga kuma hankalinsu ya tafi ga manhajar sauka, wadda in ta kuskure babu gyara. A ganina zargin ya yi tsauri. Sun yi gwaji da nauyin da suke zaton shi ne mafi yawa, sai Mars ta ba su fiye da haka: sadarwa ta yi kyau fiye da tsammani, bayanai suka ƙaru, masana kimiyya suka ƙaro ayyuka. Gwaji ba ya nuna wa mutum sai abin da ya faru a ranar da ya gwada. Matsalar da ke buƙatar abubuwa uku su haɗu a cikin ɗan ƙyaftawar ido tana iya yin watanni ba ta leƙo ba. Inda za a kama su da gaskiya shi ne makullin da ba su san da shi ba a cikin manhajar da suka saya, wanda bai shiga lissafin kowa ba.

Labarin ya bazu ne a Disamban 1997, bayan David Wilner na Wind River ya ba da shi a taron masana wannan fanni, Mike Jones na Microsoft kuma ya rubuta abin da ya ji ya aika wa abokai ta imel, har Reeves ya biyo da nasa bayanin yana gyara wasu wurare. Tun daga nan da wuya a samu ajin da ake koyar da wannan ilimi ba a ambaci Pathfinder ba.

Akwai kuma wani sharaɗin da ya fi na makulli wuyar sha'ani. Duk waɗannan lissafai suna ɗauka an san lokaci mafi tsawo da kowane aiki zai ci. A kwamfutocin da, ƙirga umarni kawai ake yi a tara. Na zamani kuwa suna da 'yar ma'ajiya ta kusa da ke hanzarta aiki, suna kuma hasashen abin da zai biyo baya, don haka aiki ɗaya yana iya cin lokaci kaza yanzu, anjima ya ninka. Masu bincike a jami'ar Saarland ta Jamus, ƙarƙashin Reinhard Wilhelm, sun fitar da hanyar bin manhaja layi-layi tare da siffar ƙwaƙwalwar da za ta gudanar da ita, a fitar da iyakar da ba za a taɓa wucewa ba. Kamfanin AbsInt da suka kafa a 1998 ya mai da ita kayan aiki, kuma Airbus ya yi amfani da shi wajen tabbatar da manhajar tuƙin jirgin A380.

Ana murnar an shawo kan wannan sai masana'antu suka koma ƙera ƙwaƙwalwa mai kai biyu, huɗu, takwas a guntu ɗaya, duk suna rububin ma'ajiya ɗaya da hanya ɗaya, kowane kai yana iya jinkirta ɗan'uwansa. Hukumomin da ke ba jiragen sama lasisi a Amurka da Turai sun fitar da takardar matsaya a kan haka a 2014, suka sabunta ta a 2016. Tsawon shekaru, abin da injiniyoyin jiragen sama da dama suka riƙa yi shi ne su sayi guntu mai kai huɗu, su kashe uku, su yi aiki da ɗaya wanda za su iya rantsuwa a kan lokacinsa.