Saƙar Rigar Sanyi Mai Ratsi a Ƙasar Damagaram

Saƙar rigar sanyi da hannu sana'a ce ta zarga zare ɗaya tilo da tsinkaye biyu, layi bisa layi, har ya zama tufa mai miƙewa da kama jiki. Ta bambanta da saƙar masaƙa, inda zaren tsaye da na kwance ke gittawa. A ƙasar Damagaram, har zuwa Gure da garuruwan gundumarta irin su Gamu, sana'ar baƙuwa ce da ta zauna a ƙarni na 20, kuma tana hannun mata.

Sanyin da ake yi wa rigar kuwa daɗaɗɗe ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana saukowa daga Sahara, ta fi cizo da asuba. Matafiyi Heinrich Barth ya bar Kukawa a ƙarshen Nuwamban 1852, ya ratsa Gure, babban birnin Muniyo a lokacin, kan hanyarsa ta zuwa Zinder, babban birnin Damagaram, kuma a wannan tafiyar ce ya ce ya kwana daren da watakila ya fi kowane sanyi a yawonsa na ƙasashen baƙar fata. Mutanen da ya tarar suna kare kansu da gwado da luru da wutar jin ɗumi. Ratsi ma ba baƙon ido ba ne: luru fari ne mai ratsin shuɗi, kuma masaƙan Kano sun daɗe suna jera fari da baƙi a ƙyalle kafin a haɗa shi ya zama zane. Abin da babu shi ne ulu. Tumakin yankin, uda da balami, gashi gare su gajere wanda ba ya kaɗuwa, don haka auduga ce ta riƙe yawancin tufafi.

Ita saƙar tsinke, tsofaffin samfuranta da suka tsira safa ce ta auduga, fari da shuɗi, da aka tono a Masar, ta tsakanin ƙarni na 11 da na 13. Daga ƙasashen Musulmi ta shiga Andalus, ta bazu cikin Turai. A 1589 William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila. Rigar ratsi da duniya ta fi sani ta sojan ruwan Faransa ce: dokar 27 ga Maris 1858 ta ƙayyade mata ratsi fari 21 da shuɗi 20 ko 21, fari ya ninka shuɗi faɗi.

Sai dai kayan saƙar tsinke sun riga Faransawa isowa Damagaram. Jar dara da sarakuna da dogarai ke sawa saƙaƙƙiya ce, ko da yake ido ba ya nuna haka. A Tunis mata ne ke saƙa ta da ulu, ƙatuwa sakwa-sakwa. A jiƙa ta, a yi ta bugu har ta tsuke zaren ya ɓace cikin juna, a rina ta ja, sannan a ɗora ta a kan ma'auni ta ɗauki siffa. Ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ne ke kawo ta Zinder da Kano. Wato an sa hular shekaru aru-aru ba tare da dabarar yin ta ta biyo ta ba.

Dabarar ta shigo bayan Faransawa sun kama Zinder a 1899, ta hanyar makarantun 'yan mata da gidajen mishan, inda ake haɗa ɗinki da saƙa a darasin kula da gida. Bayan samun 'yancin kai a 1960 gidajen koyar da mata sana'a suka ɗauka, aka kuma kafa Ƙungiyar Matan Nijar a 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché. Amma abin da ya fi kowace makaranta yaɗa saƙar shi ne zaren roba, wanda kamfanin DuPont ya fara sayarwa a 1950 da sunan Orlon. Yana da araha, ba ya zuba, asu ba ya cin sa. Shi ne ake kira ulu a kasuwa yau, ko da babu gashin tunkiya ko ɗaya a cikinsa.

Matan Hausa ba su bi rigar manya ba sosai. Sun karkata ga jarirai. Riga da hula da safa da mayafin goyo, kala ɗaya ko biyu, su ne kayan barka da ake kai wa mai jego. Da yawa ma da kwarashi ake yin su, don ya fi tsinkaye biyu saurin koyo. Ratsi ya dace da wannan aiki: mai saƙa tana canza launi a ƙarshen layi, kuma idan kowane ratsi layi biyu ne ko huɗu, zaren da ta ajiye yana jiran ta a gefe ɗaya, ba sai ta yanke ba. Ragowar ƙulli biyu ko uku da ba za su isa riga ɗaya ba sai su haɗu su isa.

Rigar manya gwanjo ne ya cinye kasuwarta, tare da kayan inji daga Sin. Dilar suwaita tana sauka a Kano da kasuwar Dole ta Zinder kafin sanyi ya kama, daga nan 'yan koli su kai ta kasuwannin mako na gabas, a farashin da bai kai kuɗin zaren saƙa irinta ba.