Littafin Hotuna na Ɗan Makaranta: Asalinsa da Amfaninsa ga Tarihin Unguwar Romi

Romi unguwa ce a kudancin Kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Cikun. Tun asali ƙasar Gwari ce, watau mutanen da ke kiran kansu Gbagyi, kuma rafin da ake kira Romi ta wannan yanki yake bi kafin ya faɗa babban kogi. Yau ɗan makarantar da ke zaune a can, in malaminsa ya ba shi aikin ƙarshen shekara, yana iya ɗaukar hotunan unguwarsu da wayar hannu, ya jera su a kwamfuta, ya kai wa mai buga takardu, kafin mako ya kewayo ga littafi a hannunsa. Abin nan da ake gani kamar wasan yara, shekara ɗari da suka wuce ko Gwamnati ba ta iya yinsa da sauƙi haka ba. Ya kamata a bi sawunsa a ga inda ya fito, domin malamai su san darajar aikin da suke sa almajiransu.

Asalin sana'ar

Cikin 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto wadda wani mutumin Faransa, Daguerre, ya gano. Amma ɗaukar hoto daban, shigar da shi cikin littafi daban. Cikin 1843 wata Baturiyar Ingila, Anna Atkins, ta fara fitar da littafin hotunan ciyayin teku, kowane shafi da hannu ta yi shi. Daga 1844 zuwa 1846 Talbot ya fitar da nasa, mai suna The Pencil of Nature, da hotuna 24, kowanne sai da aka wanke shi shi kaɗai sa'an nan aka manna a shafinsa. Dalili kuwa shi ne, injin ɗab'i bai san duhu-duhu ba, ko dai ya sa tawada ko ya bar takarda fara, alhali hoto cike yake da inuwa iri iri.

Sai wajen shekarun 1880 aka shawo kan wannan wuya. Aka riƙa sake ɗaukar hoton ta cikin wani gilashi mai layuka kamar rariya, hoton ya rarrabu ya zama ɗige-ɗige, manya a wurin duhu, ƙanana a wurin haske. A sa ɗigon nan a kan farantin tutiya ko na tagulla, a zuba ruwan magani mai cin ƙarfe ya cinye tsakaninsu, a kafa farantin a kan katako, a jera shi tare da haruffa. Wanda ya ɗauki tsohuwar jarida ya kusanto da ita ga idonsa zai ga ɗigon nan da kansa. Cikin 1888 kuma aka fara sayar da kyamarar Kodak a Amurka, ɗaukar hoto ya fita daga hannun gwanaye kaɗai.

Zuwansa Arewa

Jirgin ƙasa ya ratsa ta Kaduna ya isa Kano cikin 1911, kuma cikin 1917 aka ta da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Galibin hotunan wannan zamani da suka rage, Turawan mulki da 'yan mishan ne suka ɗauka, ko kuwa masu hoto na bakin teku irin su George Da Costa na Ikko, wanda ya yi wa Gwamnati aikin hotunan shimfiɗa hanyar jirgi. Abin da suka fi ɗauka shi ne gada, da tasha, da bariki, da sarki bisa doki.

Wajen littattafan Hausa kuwa, zane ne ya riga hoto shiga. An kafa Hukumar Fassara cikin 1929, ta zama Hukumar Talifi cikin 1933 a hannun Dokta Rupert East a Zariya. Littattafan Magana Jari Ce guda uku na Malam Abubakar Imam, waɗanda suka fito tsakanin 1937 da 1939, Jacqueline de Naeyer ce ta yi musu zane. A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, cikin 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya da maɗaba'arsa a Tukur-Tukur, sa'an nan Hukumar NORLA ta yi aikin littattafan yaƙi da jahilci daga 1953 zuwa 1959. Ta waɗannan hanyoyi ne mai karatun boko na ƙauye ya saba ganin fuskar mutum a takarda da bayani a ƙarƙashinta cikin harshensa. Ran 1 ga Janairu 1966 jaridar New Nigerian ta fara fitowa a Kaduna, kuma Makarantar Fasaha ta Kaduna, wadda aka buɗe cikin 1956 ta zama Foliteknik cikin 1968, ta riƙa koyar da aikin ɗab'i. Da haka garin ya sami ma'aikatan da suka iya sana'ar.

Abin da harshe ya riƙe

Kalmomin sana'ar su ma tarihi ne. Kalmar hoto daga Ingilishi ta zo, sai dai ta bi dokar Hausa, inda f kan koma h a gaban o da u, kamar yadda ake jin fuɗu da huɗu, fure da hure. Ta sami jam'i irin na gida, hotuna, ta kuma yi faɗi har ta haɗiye zane da abin da majigi ke nunawa. Ɗab'i da maɗaba'a daga Larabci suke, ta hannun malamai. Buga kuwa tsohuwar kalmar Hausa ce da aka ba sabon aiki, tun da injin farko bugun takarda yake yi da gaske. Baƙin fim ɗin nan da fuskar mutum ke fitowa a juye, haƙora baƙaƙe, fata fara, Hausawa suka sa masa suna dodon hoto. Har yanzu kuma ana cewa za a kai hoto wanki, ko da yake injin yau bai taɓa shi da ruwa ba. Ɗalibin da ya ce ya wanke hotunansa yana ambaton ɗakin duhu da kwanon magani waɗanda watakila bai taɓa gani ba.

Akwai kuma zancen haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Kafin shekarun 1930 da ɗigo ko da waƙafi ake nuna su, bayan an tsai da lanƙwasa sai ya zama dole maɗaba'a ta tanadi haruffan dalma na musamman. Wuyar ba ta ƙare ba. Yawancin salon haruffan kwamfuta ba su da waɗannan uku, sai ɗalibi ya karɓo littafinsa ya tarar an mai da ƙafa kafa, ko an bar gurbi a tsakiyar kalma. Maganinsa shi ne a nemi shafin gwaji a karanta kafin a buga sauran.

Romi da rashin hotunanta

Kudancin kogi ya cika ne ta dalilin masana'antu. An buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri cikin 1957, wasu suka biyo baya, matatar man fetur ta fara aiki cikin 1980. Ma'aikata daga ko'ina cikin Nijeriya suka nemi wurin zama, ƙauyukan Gwari suka zama unguwanni, Hausa ta zama harshen kasuwa tsakanin kabilu masu yawa. Bayan rikicin shekarar 2000 mutane da yawa suka sauya mazauni daga wannan ƙetaren kogi zuwa wancan, masaƙar farko kuma ta rufe cikin 2002. Duk wannan ya faru cikin rayuwar mutum guda.

To, wanda ya nemi hotunan hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna cikin 1956 zai same su ba wahala, gama an buga su a littafi da jarida. Amma hoton kasuwar unguwa, da rijiya, da gonar da yanzu ta zama layin gidaje, da ma'aikacin masaƙa a kan kekensa, waɗannan in akwai su suna cikin akwatunan mutane, gara da damshi suna cinsu. Na cikin waya ma ba su da tabbas, waya ta ɓace su ɓace. A nan ne littafin ɗan makaranta ke da amfanin da ya wuce maki. A da sai an buga ɗaruruwa kafin kuɗin faranti ya fita, yanzu injin da ke karɓar aiki daga kwamfuta kai tsaye yana iya fitar da littafi ɗaya tak. Ke nan unguwar da Gwamnati ba ta aiko mata mai hoto ba tana iya samun nata daga cikin 'ya'yanta.

Sharaɗin malami

Amma fa hoto ba ya zama shaidar tarihi sai da bayani. Hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba, ko yaushe, ko wane ne a ciki, bayan shekara talatin ya zama kurma. Saboda haka malamin da ya sa wannan aiki ya wajaba ya nemi abu huɗu a ƙarƙashin kowane hoto: wuri, da rana da shekara, da abin da ake yi, da sunan abin a bakin masu shi, in da Gbagyi ne a rubuta da Gbagyi, a bi da Hausa. Ya koya wa almajiri neman izini kafin ya ɗauki mutum, musamman mata da tsofaffi da wuraren ibada. Ya gargaɗe shi cewa hoton da ya yi haske a fuskar waya yakan yi duhu a takarda, domin waya da haske take nunawa, takarda kuwa da tawada. Ya sanar da shi kuma littafin da za a ninka a ɗinke ta tsakiya, shafukansa hurhuɗu suke tafiya.

Daga ƙarshe, kada a buga ɗaya kurum. A ajiye guda a ɗakin karatun makaranta, guda wurin mai unguwa, in da hali a kai guda Gidan Arewa, wanda aka kafa a Kaduna cikin 1970 domin adana irin waɗannan kayan tarihi. Da ɗaliban kwalejojin horon malamai na shekarun 1960 sun sami wannan dama, da yau an san kamannin Romi tun tana ƙauye. Su ba su samu ba, na yanzu sun samu, sauran aiki ya rage ga malamansu.