Gurɓataccen Ruwa

Jama'a, kalmar gurɓata daga bakin ruwa ta fito. In shanu suka shiga tabki ko Gulbin Maradi suka tada laka, sai a ce sun gurɓata ruwa. Kakanninmu da ido suke gane shi.

Amma abin da ya faru a Tibiri ya ƙara wa kalmar ma'ana. A 1985 aka fara shan ruwan wani sabon fanfo. Ruwa garau, ba laka, ba wari. Ashe wani sinadari mai suna fuliyor, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, ya yi yawa cikinsa. Haƙoran yara suka yi ja, ƙafafunsu suka lanƙwashe. Sai wajen 2000 aka daina shan ruwan. Yaran nan yau magidanta ne, wasunsu da ƙyar suke tafiya.