Robar cikin mota ta tsage? Duba bayanta kafin ka sayi gam

Tsohuwar tokumbo ɗin Baba, wadda muke zirga-zirga da ita tsakanin kasuwar shanu ta Kara da mayankar Oko-Oba a Agege, robar ƙofarta ta tsage daga wajen mariƙi. Sau uku ina zuba mata sufa gulu, sau uku tana ɓallewa. Ashe laifin ba na gam ba ne, robar ce ban sani ba.

Robar cikin mota ba iri ɗaya ba ce. In ka ciro ta ka juya bayanta, galibi za ka ga an buga haruffa kamar >ABS< ko >PP<. ABS tana karɓar gam. Sufa gulu da ɗan bekin soda na cike ƙaramar tsaga, ya daskare nan take, Araldite kuma ya fi dacewa da wurin da ke ɗaukar nauyi. PP kuwa, wadda ita ce a yawancin robar ƙofa, jikinta kamar mai maiƙo ne, gam ba ya kama ta. Ita sai walda da zafi, don tana narkewa a wajen digiri 160.

Ga yadda na yi tamu. Na wanke bayan da ruwan omo, ya bushe sarai, na goge da samfefa. Na huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. Sai na ari ƙarfen soda na masu gyaran rediyo, na yanko guntun ragar taga ta ƙarfe, na ɗora a kan tsagar ta baya, ina dannawa a hankali har ragar ta nutse cikin robar. Wannan ragar ita ce ƙarfin aikin. In babu ita, ramukan titin Legas za su sake buɗe wurin. Daga nan na narka wani guntun PP na rufe ta. Dole abin cikon ya zama irin robar, in ba haka ba ba za su haɗu ba. A waje ake yi, malam, hayaƙin nan ba na shaƙa ba ne.

Wuri ɗaya ne ban yarda a taɓa ba: saman dashbod ta gefen fasinja, inda jakar iska take. Da gangan aka raunana robar wajen don ta fashe jakar ta fito lokacin hatsari. Ka sa mata raga ko Araldite, to ka toshe wa jakar hanya, ko ka mai da gutsattsarin roba abin da zai bugi fuskar wanda ke zaune. Wannan sai dai canji, a nemi wata a Ladipo.

Ƙananan kilif da suka karye ma saye ya fi gyara sauƙi. Kuma in za ka ajiye mota a rana, sa kwali a gilashin gaba, don zafi ne ke busar da robar tun farko.