Jirin Miƙewa Tsaye: Yadda Aka Gano Cutar MSA

Shekara kusan saba'in likitoci suka yi suna ɗaukar cuta guda a matsayin cututtuka daban-daban. A 1900 Dejerine da Thomas, a birnin Paris, suka ba da labarin marasa lafiya masu tangaɗi da nauyin harshe, saboda ƙwaƙwalwar ƙeya ta motse. A 1960 Shy da Drager a Amurka suka kawo na wasu, waɗanda jininsu ke sauka da zarar sun miƙe har su yanke jiki su faɗi, ga kasa riƙe fitsari, ga mutuwar gaba. Akwai kuma masu sandarewar jiki irin ta cutar Parkinson, waɗanda maganin levodopa bai cika yi musu aiki ba. Sai a 1969 Graham da Oppenheimer na Oxford suka ce ai duk abu ɗaya ne, suka raɗa masa sunan da ake taƙaitawa MSA, wato lalacewar sassa da dama na ƙwaƙwalwa tare.

Hujjar ta zo a 1989, lokacin da Papp da Kahn da Lantos a Landan suka ga wasu dunƙule-dunƙule cikin ƙwayoyin da ke yi wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa rufi. A 1998 aka gane furotin alfa-sinuklin ne ya cure a ciki, shi ne dai wanda ke curewa a Parkinson. A 2020 masu bincike a Cambridge suka nuna naɗewarsa a MSA ta sha bamban, abin da ya ƙarfafa gwiwar masu neman gano cutar ta ruwan laka ko ɗan yankin fata tun mutum yana raye.

Wajen magani kuwa, an sha ƙasa. An gwada rifampicin, wanda masu tarin fuka suka sani, sakamakon 2014 ya nuna bai tsinana komai ba. Haka sinadarin koren shayi a Jamus a 2019, haka verdiperstat a 2021. Har yau cutar kan kama mutum bayan ya haura hamsin, kuma yawanci shekara 6 zuwa 10 ake yi da ita.

Me ya iso Haɗeja daga duk wannan? Ƙa'idojin gano cutar na 2022 sun nemi hoton MRI kafin likita ya tabbatar, wannan kuwa galibi tafiya ce zuwa Kano, Asibitin Malam Aminu Kano. Amma gwajin farko na'urar awon jini da agogo kawai yake buƙata. A kwantar da mutum a auna, a tashe shi tsaye a sake aunawa cikin minti 3; in lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, akwai magana. A ganina wannan ne gadon binciken da ya fi amfanar fadama. Manomin shinkafa a Auyo da ya wuni duƙe, ya ɗago ido ya yi masa duhu, rana za a ɗora wa laifi, sau da yawa ma da gaskiya. In ya fara kai naushi cikin barci, ko numfashinsa na ƙara da dare, waɗanda su ma kan zo da MSA, sai zance ya koma kan iska ko sammu.

Ga wani tarko kuma: jinin mai MSA kan hau idan yana kwance. Wanda ya auna shi a kan gado kaɗai zai rubuta masa maganin hawan jini, faɗuwar ta ƙaru.

Abin da ke rage wahala ba mai tsada ba ne. A ɗaga kan gado, a yawaita shan ruwa, a ƙara gishiri in likita ya yarda, a riƙa tashi a hankali, a guji ranar Afrilu. Azumi a irin wannan zafi sai an shawarci likita. In hakan bai isa ba, akwai fludrocortisone da midodrine masu riƙe jini kada ya faɗi.