Durɓi ta Kusheyi: Amanar da Dattawa Suka Bar Mana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. 'Yan uwa 'yan asalin ƙasar Mani mazauna Kano, Kaduna, Abuja, Ikko da sauran birane, a bana mun ga ya dace mu waiwayi wani wuri da yake ƙofar gidanmu amma muka yi masa riƙon sakainar kashi, wato Durɓi ta Kusheyi, mai nisan kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina. Hausawa dai sun ce waiwaye adon tafiya.

Sa'ad da muke yara, idan kiwo ko neman itace ya kai mu wajen tuddan nan, dattawa kan ja mana kunne cewa kada mu hau, kada mu tona, kada mu sari kukokin da ke wurin. In mun tambayi dalili, amsar ɗaya ce: sarakuna ne kwance a nan. Da muka shiga kwalejin horon malamai muka fara jin kanmu 'yan boko, sai muka ɗauki zancen a matsayin tatsuniya. Mun yi shekara da shekaru muna koyar da tarihin daulolin Mali da Borno, ba mu taɓa jan aji ɗaya zuwa wurin ba. Wannan laifinmu ne mu malamai, kuma mun amsa shi.

Ga abin da dattawan suka riƙe da ka. Sun ce kafin a kafa birnin Katsina na yanzu, a wannan yanki kujerar mulki take, a hannun zuriyar da ake kira Durɓawa. Na farkonsu shi ne Kumayau, wanda ake cewa jikan Bayajidda ne, na ƙarshensu kuwa Sanau. Shi Sanau ne Korau, mutumin 'Yandoto, ya kayar a kokawa ya kashe, sarauta ta koma hannunsa. Masana tarihi sun sanya zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, kuma ana ɗaukarsa Musulmin farko da ya sarauci Katsina. Takobin nan Gajere da ake dangantawa da shi yana cikin kayan sarautar Katsina, sarautar Durɓi ma ta wanzu cikin manyan sarautun fada. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, bai raina irin waɗannan ruwayoyi na baka ba, ya auna su kamar yadda ake auna rubutattun takardu.

Ita ma ƙasa ta ba da tata shaida. A 1907 wani jami'in Turawan mulki, H. R. Palmer, ya sa aka tona wasu daga cikin tuddan a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An sami tukwane da kayan ƙarfe, amma abin takaici kayan sun salwanta. A 1959 gwamnati ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa da doka ta kare, har da kukokinsa. Sai kuma a 1992 masana daga Jamus suka tona wasu tuddai 3, suka tarar da kowane tudu mutum guda ne aka binne a tsakiyarsa tare da kayan alfarma: kuɗin wuri, duwatsun ado, awarwaron hauren giwa, kayan tagulla, 'yan kunne na zinariya, da wata tasa da aka ƙera a ƙasashen Gabas ta Tsakiya. A 2007 aka kai kayan birnin Mainz na Jamus domin gyara da bincike, aka maido su Nijeriya a 2014. Binciken ya nuna an yi binne-binnen ne tsakanin ƙarni na 13 ko 14 zuwa na 15 ko 16.

Jama'a, mu dubi ma'anar wannan. Wuri daga Tekun Indiya yake fitowa, tasar kuwa sai da ta ƙetare Sahara. Ke nan shekaru ɗari biyar zuwa bakwai da suka wuce, kakanninmu suna da arzikin da ya haɗa su da fataken nesa. Abu na biyu, abin da na'urorin Turai suka tabbatar shi ne dai abin da tsofaffinmu suke faɗa a gindin bishiya, ba tare da alli ko allo ba. Tun kafin dokar 1959, maganarsu ce ta tsare tuddan nan daga garma da gatari. Gaskiyar magabata ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Mun san akwai masu cewa waɗannan kusheyi na mutanen da ne masu bin al'adun gargajiya, don haka kula da su kusantar shirka ne. Muna girmama wannan tsoro, domin kishin addini ne ya kawo shi. Sai dai ba wanda ya ce a je a yi yanka ko a roƙi wani abu a wurin. Kiyaye kabari daban, bauta masa daban. Addininmu da kansa ya hore mu da duban abin da ya sami al'ummomin da suka gabata domin mu ɗauki darasi, kuma wanda ya shafe alamar ya shafe darasin.

Haɗarin da ke gabanmu a fili yake. Jama'a na ƙaruwa, gona na neman faɗi, ruwan sama na zaizayar ƙasa kowace damina, kuka kuma in ta faɗi ba ta tashi. Mafi muni, dattawan da suka san sunan kowane tudu da kowace bishiya suna ta ƙarewa, mu kuma da ya kamata mu gaje su mun watsu a birane.

Saboda haka muna ba ƙungiyarmu shawara uku. Na ɗaya, a tura matasa su zauna gaban sauran dattawa da ladabi, su ɗauki maganarsu da waya, a rubuta ta da sunan mai ita, a ajiye a makarantunmu. Na biyu, a haɗa kai da masarauta da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a fitar da iyakokin wurin, a kewaye shi, duk manomin da abin ya taɓa gonarsa a biya shi haƙƙinsa. Na uku, kowane ɗayanmu in ya zo hutun Sallah ya ware yini guda ya kai 'ya'yansa, ya nemi dattijo ya yi musu bayani, ya kuma sallame shi da abin goro. Yaron da aka haifa a Abuja ba zai yi kishin abin da bai taɓa gani ba.

Dattawa sun sauke nasu nauyin, sun miƙo mana amanar. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon miƙa ta ga na baya yadda muka same ta. Wassalam.